Aman Toka da Manjan Gwaggo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da addu'ar Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa mutanen gida kowa lafiya. Geron gonar bayan gari ya fitar da kai. Na kammala karatun kula da lafiyar dabbobi, na dawo gida, aiki dai har yanzu shiru.

Maganar Toka ce ta sa na zauna rubuta miki wannan, magenki mai launin tokar murhu.

Ban sani ba ko labarin tsadar nan yana isa inda kike. Tun da rumbunmu ya yi ƙasa, tukunya sau ɗaya take hawa murhu, da la'asar. Ƙanzon da kike jiƙa wa Toka yanzu kwaɗonsa ake yi wa yara da safe. Ɓerayen ma sun yi ƙaura, ba abin da za su tsinta. Haka na dawo na tarar da ita ta rame, kuma duk lokacin da ta ci abinci sai ta dawo da shi a ƙofar ɗakinki.

Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba da ta karɓi girkin gidan bayan rasuwarki, ta yanke cewa tsaka Toka ta ci, ko ɓeran da aka sa wa guba a maƙwabta. Kin san maganin guba a garinmu. Da ta yi amai, sai Gwaggo ta matse ta tsakanin gwiwoyi ta ɗura mata manja da cokali, tana cewa, “Sha, 'yar nema, mu ma ba mu samu na miya ba.” Da kyakkyawar niyya take yi, Inna, daga ɗan manjan da take tattali.

Yaya Sale kuwa haƙurinsa ya ƙare. Ya ce abincin da mutum bai ƙoshi da shi ba mage take zubarwa, ga 'ya'yansa suna rarrafe a tsakar gidan. Ya ce ranar da zai kai wake kasuwar Dawanau zai sa ta a buhu ya sake ta a can, ta ci ɓerayen 'yan kasuwa. Abin da ya rage naki mai numfashi a ɗakin nan ita ce kaɗai.

Gaskiyar magana, a makaranta shanu da awaki da kaji aka fi koya mana, mage sai a gefe. Don haka ban yarda da kaina ba. Na zauna a kan turmi na zuba ido, in ga me ke faruwa tun daga farko.

Ga abin da na gani. Gwaggo ta zuba mata sauran tuwo da miya a gwangwani mai zurfi, ta ajiye a tsakar gida. Kafin ta sa baki kaji sun kewaye ta. Ita kuma tun jiya rabonta da abinci. Ba ta tauna ba, haɗiya kawai take, idonta a kan zakara. Ta ɗan yi taku kaɗan, ta sunkuyar da kai, tuwon ya fito yadda ya shiga, a mulmule, dogo kamar an matso shi daga bututu. Cikinta bai murɗa ba, ba ta yi kakari ba. Har ta juya za ta sake cinye shi.

Inna, kin san wannan ba shi ne amai na sosai ba? Ni ma sai da na koma littattafaina, na kuma kira malaminmu a waya don kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Aman gaske daga ciki yake tasowa: mage za ta yi ta lasar baki, yawu na zuba, cikinta na bugawa, abin da zai fito ya fara narkewa, wani lokaci da ruwa rawaya. Na Toka kuwa abinci ne da aka aika da gaggawa, ya cushe a hanya, ya juyo. Cikin mage ƙarami ne, an halicce ta ne ta ci ɗan kaɗan sau da yawa, ɓera yanzu, fara anjima.

Akwai wasu dalilan. Gashin da take lasa yakan dunƙule a ciki ta amayo shi. Tsutsar ciki ma tana sa amai, musamman ga mai cin ɓeraye. Nono da madara, da kowa ke ganin gata ne, yawancin manyan maguna cikinsu ba ya ɗauka. Albasa da tafarnuwa na cikin miya suna ɓata musu jini. Manjan kuma yana ƙara tayar da zuciya, in an ɗura da ƙarfi yana iya kuskurewa ya shiga huhu. Farasitamol da muke sha don ciwon kai yana kashe mage. Wannan na faɗa wa kowa a gidan har sau biyu.

Ban ƙara mata ko loma ɗaya ba, don babu. Rabonta na kullum na karɓa kafin a zuba miya, na raba shi ƙanana, ina ba ta safe, rana da yamma. Na bar gwangwanin, na ɗauko murfin tsohuwar samirarki ina baza mata a kai, dole ta bi shi tsinta-tsinta. Ina kai mata cikin ɗakinki in saki labule, ba kaza ba zakara. Ruwa mai kyau a gefe. In na samu fara ko kan kifi in murmushe mata, don tuwo kaɗai ba ya riƙe mage, mai cin nama ce.

Wuyar aikin ita ce Gwaggo. Na durƙusa na ce ta yi haƙuri ta ajiye cokalin. Ta dube ni ta ce, “To, likitan maguna, mun ji.” Amma ta ajiye.

A nan ne nake da tambaya. Na tuna ba ki taɓa ajiye wa Toka kwano ba. In kina kwasar tuwo ki gutsura ki jefa mata, in kina gyaran kifi ki cilla mata ƙayoyin kai, kina cewa, “Baƙon da ba ya sallama, ga naka.” Sanin cikinta kika yi, ko dai hannunki ne ba ya iya wuce mai rai bai miƙa ba? Na so a ce na tambaye ki.

Kwanakin nan ban yi sakaci ba. Ina duba ko akwai jini, ko za ta ƙi ruwa, ko ta kwanta ba kuzari, ko aman ya riƙa maimaituwa ko ba ta ci komai ba. Da na ga ɗaya daga ciki, da asibitin dabbobi zan nufa da ita, don wannan ya wuce sanina. Ban gani ba. Sau ɗaya ta dawo da abinci, ranar da aka bar labulen a ɗage. Maganin tsutsa yana nan a raina, sai na samu wanda likita ya auna mata.

Jiya Yaya Sale ya ɗaure wakensa a babur. Ina tsaye a ƙofar ɗakinki. Ya dubi Toka tana wanke fuska, ya dube ni, ya tayar da babur ya tafi. Da ya dawo ya miƙo mini ɗan ƙulli a leda, garin busasshen kifi ne. Ya ce sharar teburin mai kifi ce, kada in je ina faɗa wa mutane shi ya kawo. Ke kaɗai na faɗa wa, Inna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowace loma da kika jefa wa mai rai ta tarbe ki a mizani. Allah Ya kawo mana sauƙin wannan zamani, Ya kai mu kaka lafiya.

Taki har kullum,
'Yarki, Rabi