Ranar da Gwaggo ta Ɗauki Ma'auni a Ka

Unguwar Limawa, Dutse,
14 ga Mayu.

Zuwa ga Yayana Abdurrahim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Hamida da yara. Allah ya sa albarka a nemanku a can Fatakwal, ya tsare ku. Mu nan lafiya lau. Baba yana Miga yana sharar gona, ƙafar Inna ta yi sauƙi, Fiddausi kuma ta sauka lafiya, an samu mace. Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Abin da na gani makon jiya ya fi ƙarfin waya, kai kuma ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Ka san an gina mana sabon ɗakin gwajin iri a bayan gari. Mun kwashe komai, saura ma'auninmu. Kada ka kawo sikelin kasuwa a ranka. Wannan a cikin gilashi yake zaune, yana auna abin da bai kai ƙwayar riɗi ba. Da shi muke gane nawa ne iri mai kyau, nawa ne tsakuwa da ƙaiƙayi. Shi kaɗai gare mu. In ya taɓu sai an kai shi ƙasar waje gyara, wata uku ko huɗu, ga damina a bakin ƙofa, ga irin manoman Miga da Kafin Hausa yana jira, har da riɗin Baba.

Injiniya Zakiyya ce ta zo daga Kano don ƙaurar. Ta cire farantinsa, ta ɗaure cikinsa, ta sa shi a akwati mai soso, sannan ta manna wata 'yar alama da ke komawa ja in akwatin ya girgizu. A kan kwalta mota ta lallaɓa lafiya. Amma daga titi zuwa ginin akwai tafiyar taku ɗari huɗu, ba a gama hanyar ba, duk duwatsu da kwazazzabai. Aka gwada da wani akwati da bulo a ciki, aka manna masa irin alamar, mota ta shiga, alama ta yi ja. Ƙarti biyu suka tallabe shi, ɗaya ya yi tuntuɓe, ta sake yin ja. Malam Sale, shugabanmu, wanda ya shekara ashirin da biyu yana goge ma'aunin nan, ya zauna a kan dutse.

Nan Gwaggo Adawiyya, gwanar ɗaukar kaya a ka, ta faɗo mini a rai, don ta zo sunan jaririyar Fiddausi. Da na ambace ta aka yi mini dariya, ban da Injiniya. Na ɗauko ta a babur. Aka cika roba da ruwa fal aka aza mata, ta je ta dawo ko ɗigo bai taɓa ɗankwalinta ba. Malam Sale ya amince, amma ya dube ni ya ce in tuna ni na kawo ta.

Gwaggo ta ƙi matashin soson da aka miƙa mata, ta naɗa gammo da tsohon zanenta. Ta tuɓe takalmi, wai tafin ƙafa ya fi ido sanin hanya. Ta kori mazan da suka so tafiya kusa da ita suna riƙewa, ta ce mai riƙewa shi ke kayar da kaya, kuma kada kowa ya yi mata magana. Ta yi bisimilla, aka aza. Yaya, matar nan ta haura sittin, amma daga ƙugu zuwa sama kamar an dasa ta. Ƙafafu suna hawa suna sauka, akwatin yana tafiya a miƙe. Mu goma sha ɗaya muna binta a baya, masu digiri da masu difloma, ba mai ko tari. Na sha ganin ta da tulu tun ina yarinya, ban taɓa sanin ilimi nake kallo ba. Da aka sauke, alamar fara tas.

Aka bar ma'aunin kwana biyu ya saba da ɗakin. Sannan Injiniya ta ɗauko dutsen gwaji na giram ɗari, wanda ba a taɓa shi da hannu sai da hantsaki, ta ɗora. Ɗari cif, sifili huɗu a bayansa. Malam Sale ya juya baya yana share ido. Washegari muka fara gwaji, riɗin Baba ya fita da kyau.

Kafin ta koma Miga, Gwaggo ta ce a nuna mata abin da ta ɗauka. Na sa ƙwayar riɗi ɗaya, lamba ta motsa. Ta sunkuya ta duba, numfashinta kaɗai ya sake motsa ta. Ta ɗago kai ta dube ni. Can ta ce in ma'aunin da ɗan Adam ya ƙera yana jin numfashi, to wanda za a kafa mana ranar lahira fa? Ta ce da ta san haka yake, da ƙafafunta sun yi rawa. Ni tun ranar nake auna maganata kafin ta fita.

Ka gaida Anti Hamida, da Suhaib da Zara, da Kawu Aji in kun haɗu. Inna da Fiddausi suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Khadijatu