Dandamalin Shanyarmu Yana Zuba Mana Yashi a Shinkafa

Zuwa ga Shugaban shirin tallafa wa mata masu sarrafa amfanin gona, Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Asabe Garba. Ina cikin matan da ke turara shinkafa a wani ƙauye bayan Bungudu, waɗanda ofishinka ya gina wa dandamalin shanya a bazarar da ta wuce. Na yi ta zarya ofishinku, kullum sai a ce kana taro. Shi ya sa na rubuto maka a fili. Kaka ta ƙarato, ni kuwa zama ya gagare ni.

Na farko, yadda aka yi aikin. Ɗan kwangilar da kuka turo bai kwaɓa siminti ba. A bushe leburorinsa suka gauraya shi da yashi da tsakuwa, suka baje a filin, suka daddale, sannan aka ja tiyo daga tankar ruwa aka fesa a sama. Muna tsaye muna kallo. Ni ba magina ba ce, amma na ga ginin ɗakina da na maƙwabta, na san safe da yamma ake ba siminti ruwa har mako guda ko fiye, kuma ba a ɗora masa nauyi sai ya yi ƙwari. Da muka tambaya, ya ce wannan aikin zamani ne, da kansa yake jan ruwa, ba ya son wahala. Kafin la'asar tankar ta juya ta tafi, ba ta sake dawowa ba.

Na biyu, kuma nan ne abin ya fi ƙona mini rai. Washegari da hantsi aka aiko mana cewa baƙi na tafe daga Gusau za su ɗauki hoto, kowace ta fito da shinkafarta ta shanya. Ɗan kwangila ya hau dandamalin ya buga ƙafa, ya ce mu gani, ya kama. Saman kam ya kama, domin ranar bazara ba ta wasa. Muka juye turararriyar shinkafa muka baje, aka ɗauke mu hoto muna dariya, har da guɗa. To, ranka ya daɗe, wace mace ce za ta watsa ruwa a inda ta shanya shinkafa? Ai mu kanmu muka zama masu gadin wurin kada ko ɗigo ya taɓa shi. Har yarinyar da ta zo wucewa da tulu sai da muka kore ta. A kwanakin da simintin ya fi bukatar ruwa, mu ne muka tsaya kai da fata muka hana shi, saboda an ce mana ya gama. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai na ji kamar in yi kuka.

Na uku, halin da wurin yake ciki yanzu. In ka sa tsintsiya, yashi ne ke biyo ta. In ka ja shinkafa da katako don ka juya ta, tsakuwa ta ɓalle ta shige ciki. Ya tsattsage ta ko'ina. Da wani gefe ya karye, muka tarar da garin siminti a ƙasa kamar yanzu aka zazzage shi daga buhu, ruwa bai taɓa isa can ba. Da damina ta sauka kuwa, sai ya dunƙule ya zama ɓaraguzai.

Da can a kan tabarmi da tamfol muke shanya. Da wahala, ga kaji ga awaki, amma shinkafarmu tas take fita. Yanzu mu sheƙe, mu tsince, mu rairaye, duk da haka sai an samu. Ita tsakuwar siminti fara-fara ce, daidai ƙwayar shinkafa, ido ba ya kama ta sai haƙori.

Na huɗu shi ne nawa na kaina. Akwai Hajiya Kulu, mai gidan abinci a Gusau. Tun ina goyon ɗana na fari nake kai mata shinkafa, ga shi yanzu ya yi aure. Ba ta taɓa kwance bakin buhuna don ta duba ba. Da wannan cinikin na riƙe gida tun rasuwar maigidana. Kwanakin baya wani direba ya tauna tsakuwa a shagonta, ya ture kwano a gaban mutane ya fita yana faɗa. Ta kira ni. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Asabe, zan jira ki zuwa sabuwar shinkafa. In aka sake, ki yi haƙuri." A gabana ta sa aka mayar da buhunan cikin mota, na raka su gida ina sunkuyar da kai.

Za ka iya cewa mu koma tabarmi mana. Mun koma kan waɗanda suka rage mana. Da yawanmu mun rabar da su, mun kuma ƙara tukwanen turara saboda an ce mun samu wurin shanya babba. Shinkafar kaka ba za ta shiga tabarma uku ba, in kuma ta kwana da danshi sai ta yi wari ta canja launi.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne lokaci. Maginan da muka tambaya sun ce kankare na son kusan wata guda kafin ya yi ƙwarin da za a dogara da shi. Shinkafa ta fara fitar da kai a fadama. In aka tsaya sai an yi taro an kafa kwamiti, za a zuba shi ana gobe girbi, a sake cewa mu shanya, mu koma inda muka fito. Na kuma ji daga bakin 'yar uwata da ke aure a Kucheri ta Tsafe cewa ɗan kwangilar nan ya sauke yashi a can, irin aikin zai yi musu.

Saboda haka ina roƙonka abubuwa kamar haka. A fasa wannan dandamali a sake zuba shi cikin kwanakin nan, kwaɓaɓɓe da ruwa yadda kowa ya sani. A bar mana ban ruwan a hannunmu, mu da muke da tulu da rijiya, a faɗa mana gaskiyar ranar da za mu hau. Kada a kawo mana mai hoto sai ya yi ƙwari. Sannan a aika Kucheri tun kafin a fesa musu tiyo.

Na bar maka tiya guda ta shinkafar da Hajiya Kulu ta dawo mini da ita a wurin mai gadin ofishinku. Na sheƙe ta, na tsince ta iyakar iyawata. Don Allah a dafa maka ita a gida, ka ci da kanka, amma kada a ba yara.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon sauke amanar da ke wuyanka.

Wassalam.

Asabe Garba,
mai turara shinkafa, ƙaramar hukumar Bungudu.