Gashin da ke Cikin Ledar Nawa Ne

Daga admin: Wata 'yar uwa ce ta turo wannan ta akwatin saƙo, ta roƙa a sakaya sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci, ban da zagi.

Assalamu alaikum matan wanga gida. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake ƙwarai, kwana huɗu ke nan ko abinci ba ya shiga, kuma duk garinmu ba ni da wadda za ni faɗa wa maganar ba ta zaga ba. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, in ban faro daga farko ba ba za ku gane abin da ke ci na ba.

Ni malamar firamare ce a Sabon Birni, ina da aure da ɗiya uku. Yayar maigidana tana da salun a bakin hanyar kasuwa, za ni kira ta Yaya Larai, ba sunanta ke nan ba. A shagonta akwai wata mai kitso da za ni kira Dije, mutuniyar Tsamaye ce, mijinta manomi. Shekara shida ba wadda ta taɓa kaina sai ita. Hannunta ba zafi, ba ta ja, kuma ba ta da surutu, ko mi ta ji a shagon nan a nan take barin shi. Yaya Larai ita ke da shago da draya da madubi, amma kowa ya san rabin matan da ke shiga don Dije suke shiga.

Bayan haihuwata ta ƙarshe na yi zazzaɓi mai zafi, na tashi da ƙyar. Wata rana Dije tana mini tsifa sai na ji hannunta ya tsaya, ta duƙo daidai kunnena ta ce, "Malama, kin duba tsakiyar kanki kuwa?" Ashe gashi ya zube a wurin, fata sumul, kamar faɗin bakin kofin shayi. Kafin wata uku ya kai tafin hannu. Maigidana ya kai ni asibiti Sakkwato, likita ya ce ciwon fata ne, ya ba ni magani na shafawa, ya ce yana iya dawowa yana iya ƙin dawowa, sai haƙuri.

Wata za ta ce to mi ne ne abin ɓoyo, ai lalura ce. Ba ku san bakin Yaya Larai ba. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ta taɓa zuwa wankin kai, Yaya ta ga irin wagga lalurar gare ta, kafin mako ta laƙa mata suna Faranti. Yau shekara nawa, har ɗiyarta da ke ajina yara ɗiyar Faranti suke ce mata, ni da kaina nake raba su faɗa. Sannan ni ce Yaya ke talla da kaina tun ina amarya, duk kwastomar da ta zo sai ta ce ku dubi gashin matar ƙanena, man shagon nan ne. To ku faɗa mini yadda za ni buɗe mata kai.

Sai munka yi shiri ni da Dije. Ranar kasuwa Yaya tana fita sayen kaya, ni kuma sai in zo da ruwana a jarka. Dije ta ja labulen ɗan siton da ke bayan shago, ta tsefe, ta wanke, ta shafa maganin, ta yi mini shuku ta haɗa da baƙin zare ta rufe wurin tsaf, ko kin tsaya a kaina ba ki gane komi. Gashin da ya zube kuwa, kuma yana zuba da yawa, sai ta tattara a baƙar leda ta ba ni, in je gida in binne. Kusan shekara biyu muna haka, ko da wasa ba ta taɓa furta wa kowa ba.

Ana nan sai farin nan ya shigo. Bara ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, bana kuma kun ga yadda damina ta yi mana. Gonar su Dije a Tsamaye ko na tuwon wata biyu ba su samu ba, mijinta ya tafi ci-rani kudu ya bar ta da ɗiya uku, kitson nan shi ne cinsu shi ne shansu. Rijiyoyin unguwa sunka ja baya, layin burtsatse tun da asuba har rana ta take, 'yan ga-ruwa sunka tsawwala. Sai Yaya Larai ta ce ita ta daina sayen ruwan shago, Dije ce za ta riƙa ɗebo jarka huɗu a ka kullum kafin a buɗe. Matar da za ta zauna a kujera 'yar tsugune tun safe har la'asar tana kitso, ga ciwon baya. Ta yi wata biyu tana yi, har ranar da ta faɗi da jarka a ƙofar shago. Da ta roƙi Yaya a sauƙaƙa mata, a gaban kwastomomi Yaya ta ce wadda yunwa ta koro daga ƙauye ba ta zaɓen aiki. Waɗanda ke wurin sun ce Dije ta ƙarasa kan da ke hannunta, ta wanke hannu, ta ɗauki kibiyarta da matajinta ta fita. Bayan kwana biyu ta kwashi ɗiyanta ta koma garin Isa gidan wanta, ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro ta ci gaba da sana'arta.

Ni dai na bi ta. Duk mako uku nake shiga mota in je Isa in dawo, duk da kun san yadda hanyar nan take, kuma ban ɓoye wa kowa ba, na ce kitso za ni. Ba ni kaɗai ba ma, akwai mata biyar ko shida da sunka riƙa zuwa. Yaya ta ɗauki abin da zafi, ta daina amsa gaisuwata da kyau, ta kai ƙarata wurin Inna, uwar maigidana, wai na bar shagon gida na bi bare. Duk na shanye wannan, don a ganina kaina ne, ni na san wadda za ni ba.

Abin da ya kawo ni nan shi ne wanda ya faru mako uku da sunka wuce. Tun ranar kitsona na ƙarshe a shagon, kafin Dije ta bar aiki, Yaya ta dawo daga kasuwa da wuri, cikin sauri Dije ta tura ledar gashin bayan wani katan a sito, ni na manta ita ma ta manta. Sai yanzu ne Yaya tana gyaran sito ta ci karo da ita. Wallahi ko tambayar kowa ba ta yi ba. Ta fito da ledar tsakiyar shago tana salati, wai ga asirin Dije ya tonu, gashin kwastomomi take tarawa tana kai wa boka, shi ya sa mata ke bin ta har Isa kamar an ɗaure su. Kwana uku ledar nan tana kan tebur, duk wadda ta shigo sai an buɗe mata.

Ranar da na je gaida Inna na tarar da Yaya a can da ledar. Ta miƙo mini a hannu ta ce, "Riƙe ki gani da idonki, ke kin fi kowa kamuwa." Na riƙe. Gashina ne, har ƙamshin maganina yana jiki. Inna tana kallona, matan gidan suna kallona, na mayar mata ban ce komi ba. Wanga shirun nawa shi ya fi komi ƙona mini rai, duk sadda na tuna sai in ji na tsani kaina.

Maganar ba ta tsaya Sabon Birni ba, 'yan kasuwa mata sun kai ta Isa. Makon jiya na je, na iske Dije zaune ita kaɗai, tabarma wayam, wurin da a da sai kin yi layi. Ta rame. Ta ce kwana tara ba wadda ta zo, mata in za su wuce ƙofar gidan har ƙara jan mayafi suke yi. Matar wanta ta hana ta taɓa kan ɗiyanta, shi kuma wan ya ce in maganar ba ta mutu ba gara ta koma Tsamaye, don ba ya iya zama da abin kunya a unguwa. Ta koma Tsamaye ta ci mi, rumbu ba ko zangarniya?

Na ce mata, "Dije, mi ya hana ki faɗa musu nawa ne?"

Ta ce, "Malama, kanki ne ba nawa ba. Amana kika ba ni, ba ni da bakin faɗa."

Ta ɗauko kibiya ta ce in zauna. Tana kitso ina kuka, ita kuwa abin da ta ce kawai in daina motsi kar layin ya karkace. Da za ni tafi ta ɗaure gashin da ya zube a leda, ta riƙe ta ɗan jima tana kallonta, sannan ta sa mini a jaka da hannunta ta ja zif.

Na dawo na sami maigidana, don shi ya san komi, shi ya kai ni asibitin. Na ce ya je ya faɗa wa yayarshi gaskiya ko ya bar ni in faɗa. Sai ya ce maganar mata ce, in bari za ta lafa, kar in kunyata Yaya a idon gari bayan ta riga ta yi rantsuwa a gaban mutane. Na ce to kafin ta lafa ɗiyan Dije su ci mi? Ya ce zai aika mata da tiya biyu ta gero. Na ce ba gero aka ƙwace mata ba, sunanta aka ɓata, da sana'ar da take ci da ita. Ya ce na cika taurin kai, ya sa takalmi ya fita. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban taɓa jin haushinshi irin na wanga karon ba. Mutum ya san gaskiya sarai, amma kunyar yayarshi ta fi mishi rayuwar baiwar Allah.

Shekaranjiya kuma Inna ta aiko kirana. Ta ce daga yau ta hana ni zuwa Isa, kuma ta karɓo rubutu wurin wani malami, ranar Juma'a da safe in zo ɗakinta, Yaya Larai da kanta za ta tsefe kitson nan na Dije a wanke mini kai da shi a karya abin da anka yi mini. Inna ba muguwa ba ce, har hawaye ta yi, ita tsakaninta da Allah ceto na take son yi. Na ce to.

Da farko har na ji sanyi, na ce shi ke nan, su tsefe su gani, in sun ce mini Faranti ta biyu na ɗauka, in dai Dije za ta wanku. Sai daga baya wani tunani ya zo mini wanda ya tayar mini da hankali. Na san Yaya Larai. Tana ganin wurin nan ba za ta ce ashe na yi kuskure ba, cewa za ta yi kun gani ko, ga aikin asirin nan, har gashin ta cinye mata. Kuma gashin ya fara zuba ne a lokacin da Dije ke mini kitso, wannan ba ni iya musantawa. Ina da katin asibiti da takardar magani, amma Inna ba ta karatun boko, Yaya kuwa cewa za ta yi likita ba ya ganin sihiri. Ke nan in na yi shiru Dije ta zama mai kai gashi wurin boka, in na buɗe kai tana iya zama wadda ta sabauta matar ƙanen uwar ɗakinta, wanda ya fi na farko muni. In kuma na ƙi zuwa ranar Juma'a na saɓa wa Inna, kuma su ce ga shi nan asirin ne ya hana ta.

Wani lokaci zuciya tana ce mini in je shagon sadda ya cika, in cire ɗankwali a gaban kowa, in ajiye katin asibitin a kan teburin da ta baje gashina, in faɗa mata duk abin da ke raina tun daga jarkar ruwa. Wani lokaci in ce a'a, in je wurin malamin da ya ba da rubutun in nuna mishi takardun, wataƙila shi in ya yi magana Inna ta ji, amma ba ni iya zuwa ba da izinin maigida ba, shi kuwa kun ji matsayinshi. Na yi tunanin kiran yayana namiji ya shigo maganar, sai dai ina tsoron abin ya koma rikicin dangi biyu a kan kitso, Dije kuma a manta da ita a tsakiya.

Don Allah wadda ta taɓa shiga irin wannan, ko wadda Allah ya ba hangen da ni fushi ya hana ni, ta faɗa mini. Ta wace hanya za ni faɗi gaskiyar nan ta wanke Dije ba ta ƙara dulmiya ta ba? In fara da Inna ita kaɗai kafin Juma'a, ko in tsaya a yi a gaban kowa yadda anka ɓata ta a gaban kowa? Kar ku ce mini in yi haƙuri in canza mai kitso, wannan ba za ni yi ba ko za a tsine mini. Yau Laraba, kwana biyu ya rage mini, ina nan ina karanta duk abin da kunka rubuta.