Katantanwar da Yaya Habu Ya Kawo Miki daga Teku

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah Ya kai haske makwancinki. Ni ce Hajara, autarki. Akwai maganar da ta tokare min ƙirji, ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Kin tuna shekarar farin nan da gero ya ƙone a tsaye, Yaya Habu ya tafi ci-rani Ikko? Da ya dawo bai iya sayo miki ko atamfa ba. Katantanwa ya ciro daga aljihu, ta cika tafin hannu, bayanta ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, bakinta santsi kamar tangaran. Ya ce a bakin teku ya tsince ta, dodon koɗin can ne ya mutu ya bar ta. Kika jujjuya ta kika ce, "Ikon Allah, har na cikin ruwa da ɗakinsa." Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo.

Bayan girbi ya koma, shiru har yau.

Kika adana ta cikin kwanon jerenki. In kin idar da la'asar sai ki kara ta a kunne yadda ya koya miki. "Ruwan yana motsi," haka kike cewa, "shi ma yana nan lafiya." Da fari mukan yi dariya, daga baya muka daina. Ranar kasuwar Tsanyawa kuwa, mota ba ta tsayawa ba ki aika a duba ba. Ko a ciwon ajali wasiyyarki ɗaya ce: a riƙa share ɗakinsa, kada a taɓa gonarsa.

Inna, Yaya Habu ya rasu tun shekarar da ya koma. Bayan rasuwarki wani dattijo daga Dawakin Tofa ya zo gaisuwar mutuwa maƙwabta, hira ta biyo ta kan sunan Baba. Ashe tare da Yaya Habu suka yi haƙar yashi a ruwa. Ya ce kwalekwalensu ne ya kife da lodi, ba a ga gawarsa ba. Shi ya ɗauka an aiko mana tuntuni.

Na ɗauko katantanwar na riƙe. Na kasa karawa a kunne, na kuma kasa jefarwa. Aka yi masa addu'a, dangi suka raba gonar ina kallo. Ki yafe min.

Rabon da ya zo mana ɗan tsito ne. Taki ya fi ƙarfinmu, bana rumbu ko rabi bai yi ba. Jikanki Auwalu, ɗana na fari, ya ce zai tafi kudu. Na zaunar da shi na ba shi labarin kawunsa kaf. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma, to in na zauna me za mu ci?"

Da safen nan ya hau mota. Na ƙulla masa ƙuli-ƙuli da gari, na sa masa albarka. Da na dawo tsakar gida sai na zauna a ƙasa kusa da turmi har rana ta take.

Allah Ya jiƙanki da rahama, Inna, Ya gafarta wa Yaya Habu, Ya haɗa ku a Aljanna. Shi kuma yaron nan, in kwanansa sun ƙare a can, Allah Ya sa a samu mai zuwa ya faɗa min.

Taki har abada,
Hajara