Laccar Sammako a Kantin Alhaji

Daren Laraba, Nuwamba 2011, Bobigny

Hankalina ya ƙi kwanciya, kuma bakina ne musabbabi.

Da la'asar na je kantin Alhaji Mamman a unguwar Belleville neman aikin sakatare. Domin ya fahimci cewa digirina na adabin Ingilishi ba ado ba ne, na zayyana masa karin maganar Ingilawa har bakwai a kan falalar sammako, ina fassarawa ina sharhi. Ya saurara yana ɓare gyaɗa.

"Madalla, Malam mai digiri," in ji shi. "Ashe Anasara ma sun san asuba. Gobe kamiyo, babbar motar kaya, na kawo shinkafa, cinq heures, ƙarfe biyar na asuba. In na iske ka bakin ƙofa, aiki naka ne."

Na amsa da alfahari cewa wannan ƙaramin al'amari ne. Ni da rabona da sallar asuba a kan lokaci tun bazara! Metro kuwa, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba ta tashi sai biyar da rabi, tilas in taka da ƙafa, awa biyu cikin wannan sanyi.

Na saita agogo biyu, ban amince da ko ɗaya ba. Na ɗaure takalmina, na zauna a kujera. Yau ba zan kwanta ba.