Yatsan Baba da Shuɗin Farisa

Beijing, 20 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar taki? Da fatan Yaya Dehai da yaransa suna lafiya. Ni ƙalau nake. Ina cin abinci, ko da yake komai ɗanɗanonsa ɗaya ne a bakina.

Kin tuna gutsuren tsohon tangaran da Baba ya tsinta a bakin kogi a Jingdezhen? Ya shafa baƙaƙen ɗigon da suka nutse cikin shuɗin zanen ya ce, "Shekara arba'in ina zanen tangaran. Wannan shuɗin daga Farisa aka kawo shi, ba dutsen ƙasarmu ba ne." Na yi dariya na ce, "Baba, yatsa ai ba na'ura ba ne." Ya ce, "To malama, je ki tambayo na'urar taki."

Shekara uku gutsuren yana cikin durowata, kullum ina cewa gobe. Jiya na gwada shi a na'urar wurin aikinmu. Kobalt ɗin, wato sinadarin shuɗin, na ƙasar waje ne, yadda Baba ya faɗa. Minti huɗu na'urar ta yi. Na kashe ta, na fita na sayi taliya. Ban ji komai ba, kamar dai ranar da muka binne Baba. Kada ki damu, gajiyar aiki ce.

Bana ba zan samu zuwa bikin sharar kabari na shekara-shekara ba. In da hali, ki aiko mini busasshen barkono. Ga takardar sakamakon. Idan kuna ƙona wa Baba kuɗin takarda na mamata a kabarinsa, ki haɗa da ita. Lambobin ba za su yi masa amfani ba, sai na rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: yatsanka ya yi gaskiya.

Ki daɗe da lafiya.

'Yarki,
Qiaolan