Baba Ya Riƙe Tsani

Litinin, 4 ga Maris
Malamar adabi ta ba mu wani tsohon gajeren labari. Wani mutum aka wulaƙanta, ya yi ta yi wa mai wulaƙancin murmushi, har ya gayyace shi kamun kifi. A bakin kwalekwale ya ce masa, "Ka dai iya ruwa ko?" Shi kaɗai ya dawo. Malama ta ce mu nemo gatse da hannunka-mai-sanda. Ni dai kaina ya ɗaure. Yaya ake gane murmushin mugunta?

Laraba, 6 ga Maris
Baba ya kai wa Baffa maganin ido. Baffan da ya ce masa "ragon gida" a gaban surukai ranar bikin yayata! Tun ranar ban ƙara gaishe shi da kyau ba. Baba kuwa har da "Allah ya ja kwana, Yaya."

Mutumin labarin ma haka ya riƙa yi.

Juma'a, 8 ga Maris
Rufinmu na yoyo duk damina. Baba ya ce Baffa ne gwanin kwano, shi zai hau gobe. "Ni zan riƙe masa tsanin," in ji shi. Cokali ya faɗi daga hannuna. Mama ta ce, "Ke lafiyarki?"

Asabar, 9 ga Maris
Na tsaya a gindin tsanin kamar mai gadi. Baffa ya kai tsakiya, gwiwoyinsa suka ɗau rawa, gaba ta gagara, baya ta gagara. Maƙwabta sun leƙo. Baba ya ce in riƙe, ya hau, ya sauko da shi a hankali yana cewa, "Taka nan, Yaya, ina bayanka." Baffa ya zauna a dakali, bai kalli kowa ba. Hularsa ma ni na tsinto.

To wannan ramuwa ce ko taimako? Baba ya san gwiwar Baffa ta lalace? Na tambayi Mama, ta ce, "Ubanki ne, tambaye shi." Ina zan iya.

Lahadi, 10 ga Maris
Baba ya gyara rufin shi kaɗai, yana 'yar waƙarsa. Ban gane waƙar ba ma.

Talata, 12 ga Maris
Na miƙa aikin Malama, rabin shafi duk alamar tambaya. A hanya na ga Baffa yana ɗingishi da ledar cefane. Na durƙusa na gaishe shi, na karɓi ledar har gida. Hanyarmu ɗaya ce dai, shi ke nan.